Azumin da Inna Ta Ƙi Cin Hatsina

Bana azumi ya sake faɗowa cikin damina. Jiya da la'asar ina zaune a zaure hadari ya haɗo ta gabas, amma kafaɗata ta dama ta riga kowa sanin ruwa na tafe, don tun kafin iska ta taso ta fara yi mini tsami. Jikokina sai murna suke wai azumin bana mai sauƙi ne, ga sanyin gari ga ruwan firji. Ni duk lokacin da azumi ya haɗu da marka, azumi ɗaya nake tunawa, na shekarar da soja suka fara miƙa mulki ga farar hula.

Gola ne ni a lokacin, mai tsaron raga. Ba zan yi wa kaina ƙarya ba, ban taɓa shiga sahun waɗanda ake kiran sunansu a rediyo ba. Shekara goma sha ɗaya na yi ina yawo da akwatin kwano: Zariya, Jos, Gusau, Maiduguri, har Damagaram na taɓa yin rani guda. Idan golan wani kulob ya karye ko ya gudu Ikko, sai a ce a nemo Garba na Yakasai. Ranar da ya warke, ranar za a sallame ni. Kulob a zamanin na kamfani ne. A rubuta sunanka cikin ma'aikata, da safe ka leƙa sito, da yamma ka tafi fili. In an kore ka daga fili, to an kore ka daga aiki.

Abu ɗaya Allah ya ba ni wanda bai ba sauran ba, shi ne jifa. Ina kama ƙwallo zan wurga ta da hannu ta wuce tsakiyar fili, ta sauka a ƙafar wanda na nufa. Shi ya sa 'yan kallo suka sa mini Majajjawa.

A ƙarshe na dawo gida, wani kamfanin saƙa a nan Kano ya ɗauke ni, kuma karon farko a rayuwata ni ne gola na ɗaya. Manajan kulob ɗin shi ne Alhaji Tanko, ɗan kasuwa, mai babbar riga da zaƙin baki, mutumin unguwar da ke maƙwabtaka da tamu. Da kaka na sayi gero buhu biyu da dawa buhu ɗaya, na jibge a ɗakin mahaifiyata, Inna. Ranar har kuka ta yi, ta ce yau ta san ƙwallon nan sana'a ce.

Da farkon damina muka kai wasan ƙarshe na wani kofi. Kwana huɗu kafin wasan na yi tsalle na bugi ƙarfen raga, kafaɗata ta goce. Na je har gida na sami Alhaji, na ce, "Alhaji, hannun nan ba ya ɗaguwa. A sa yaron da ke benci."

Ya ce, "Haba Garba! Manyan kamfani za su zo kallo, ka ce in sa yaro? Akwai allura. Ana yi maka za ka manta kana da kafaɗa."

Aka yi mini allurar a ɗakin canza kaya, a gabansa. Na manta da kafaɗar kamar yadda ya ce, ita ma ta manta da ni. Ina ganin ƙwallo tana tahowa ta dama, in ce wa hannun tashi, sai ya tashi bayan ta wuce. Uku aka zura mini.

Washegari manyan kamfani suka kira Alhaji su ji dalili. Lokacin yana takarar majalisar jiha, ba ya son a ce ya sa majinyaci a raga. Sai ya ce musu na sayar da wasan. Bai tsaya nan ba, ya faɗa a fili gaban 'yan wasa, ya faɗa a zaurensa inda 'yan siyasa ke taruwa, har ya rantse wai an gan ni da 'yan kulob ɗin da muka kara da su a masaukinsu. Kafin sati ya zagayo babu lungun da maganar ba ta shiga ba daga Yakasai har Gwammaja. Aka sallame ni. In na bi ta kasuwa sai in ji an ce, "Ga mai sayar da raga nan." Shi kuwa ya ci zaɓensa ana saura 'yan kwanaki a ga watan azumi.

Duk wannan da zan iya haɗiyewa. Abin da ya tsaya mini a wuya ranar ɗaya ga azumi ya faru.

Matata Rabi ta dama kunun tsamiya da geron nan, ta zuba wa Inna a ƙoƙonta. Aka kira magariba. Inna ta ɗauki buta ta kurɓi ruwa, ta tura ƙoƙon gefe da bayan hannu.

Na ce, "Inna, kunun bai yi ba ne?"

Ta ce, "Garba, a fitar mini da buhunan nan daga ɗaki."

Na ce, "Inna, tun kaka na saye su. Wasan nan kuwa bana-bana aka yi shi."

Ta ce, "Wanda aka kama shi aka sani. Na baya fa? Ni ba zan wuni da ƙishirwa in buɗe baki da abin da nake shakka ba."

Na durƙusa, na ce a kawo Alƙur'ani in dafa. Ta ɗaga mini hannu. "Kada ka ƙara wani zunubin a kan wani. Mutumin da ya je Makka sau uku, uban wasu, shi zai bar duk mutanen Kano ya yi maka ƙarya? Me ka tare masa?"

Ni da kaina na ja buhunan da hannu ɗaya na kai su ɗakina.

Daga nan Inna ta koma cin abin da yayana Sani ya kawo kaɗai. Yaya Sani marini ne, marka kuwa ba lokacin rini ba ne. Ka tsoma zane ka matse, ka rasa ranar da za ta busar da shi. Hatsi ya yi tsada kamar yadda yake yi kowace shekara kafin sabo ya shigo, gero yana gona bai ko fitar da kai sosai ba. Yaya yana da 'ya'ya shida. Abin da yake iya aiko wa Inna ɗan tuwon dawa ne da miyar kuka tsararo, wata rana kwaɗon rama ko tafasa, wata rana sai dai gayan tuwo da ruwa. Muna tsakar gida ɗaya, ni da Rabi da kunu da ƙosai a gabanmu, uwata can bakin ƙofarta tana lasar ɗan yatsa. Rabi ta taɓa gwada dabara, ta kai gero gidan Yaya a dama a kawo da sunansu. Inna tana kurɓa ta gane, don na Yaya surki ne da dawa. Kwana biyu ba ta amsa gaisuwar Rabi ba. Daga ranar na ce a daina soya ƙosai a gidan. Abin da Inna ta ci, irinsa muke ci.

Yanayin ma bai raga mana ba. Da safe gari ya tashi da zafi mai nauyi, babu iska, gumi yana tsatsafo maka ko kana zaune, ga ƙishirwa tun hantsi. Da azahar hadari ya taso baƙi ƙirin, a tsuge da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Indararo ya yi ta zuba, lungu ya zama kogi, kududdufin bayan gida ya cika ya tumbatsa, kwaɗi suna kuka har ba ka jin kiran salla sosai. Yanzu gidan nan bulo ne da kwano, ruwa in ya zo sai dai a rufe taga. A lokacin soron ƙasa ne da azara. Duk tasa da kwano na gidan suna ƙasa suna tarar yoyo. Itace ya jiƙe, Rabi tana hura wuta tana hawaye, hayaƙi ya cika ɗaki, tabarma tana warin danshi, ga sauro.

Ranar goma sha biyu ga wata aka wuni ana ruwa, katangar ɗakin Inna ta yamma ta zube. Allah ya kiyaye tana tsakar gida tana alwala. Washegari maƙwabta suka yi mana gayya, kowa da bakinsa a bushe. Wasu suna haƙo ƙasa, wasu suna kwaɓa ta da ƙafa, wasu suna miƙa tubali hannu da hannu. Ni aka ba ni kwaɓi, tunda shi ba ya son kafaɗa. Mutum ashirin a gidanmu, ana raha ana zolayar juna, amma in na sa baki sai hirar ta mutu. Wani dattijo ya ce wa Yaya, a kunnena, "Sani, saboda kai da tsohuwa muka zo." Ana cikin haka motar Alhaji Tanko ta wuce ta bakin titi da lasifika, ana yi masa kirari, ana godiya ga jama'a. Ina tsaye cikin caɓi har gwiwa na ji an sanar cewa bayan salla zai sa kofi tsakanin unguwanni, kuma shi da kansa zai zo ya miƙa.

A nan cikin caɓin na yanke abin da zan yi.

Na je wurin wani tsohon maɗori a Soron Ɗinki. Ya murza kafaɗar har sai da na ga duhu, ya shafa man shanu da wani baƙin magani, ya ɗaure. Ya ce, "Za ta ɗauki fartanya, za ta ɗauki buta. Amma jifan nan naka ka bar shi. In ka matsa mata, sau ɗaya za ta ba ka."

Na ce, "Baba, sau ɗayan nake nema."

Muna da 'yar gona a bayan ganuwa, ta gado. Kullum da sassafe ni da Yaya muke fita noman maimai kafin rana ta yi ƙarfi. Noma da azumi sai wanda ya yi. Yawu ya ƙafe, ido yana ganin taurari, ciyawa kuwa ka nome yau, jibi ta dawo. In Yaya ya tafi marina sai in tsaya. Akwai wani kututture a gefen gonar, na kifa tsohuwar tukunya a kansa, daidai tsayin mutum in yana zaune a kujera. Na ƙirga taku arba'in na ja layi da ƙafa. Ina da tsohuwar ƙwallon fata, irin mai igiya, wadda in ta sha ruwa nauyinta yake ninkawa. Satin farko ko rabin hanya ba ta kai, kowane jifa kamar ana zare mini jijiya. Na ci gaba. In na gaji in tuna ƙoƙon da aka tura gefe.

Wata rana Yaya ya dawo ɗaukar hularsa da ya manta, ya same ni. Ya dubi tukunyar, ya dube ni.

Ya ce, "Wannan tukunyar wace ce?"

Na ce, "Tukunya ce, Yaya."

Ya ce, "Garba, goman ƙarshe muke ciki. Mutane suna neman gafara, kai kana auna kan mutum. Ka bar shi da Allah."

Na ce, "Na bar shi da Allah, Yaya. Amma ka dubi Inna, zaninta sau nawa yake zagaya ta yanzu?"

Ya ɗauki hularsa ya tafi. Amma shi ne ya je ya sami samarin unguwa da suke haɗa 'yan wasa, ya ce ko su sa ƙanensa a raga ko kada wanda ya ƙara zuwa marina neman gudummawa. Har yau ban sani ba ko ya yi haka don in wanke sunana da wasa ne, ko kuwa ya san komai ya kau da kai.

Ranar ashirin da bakwai ga wata na fasa tukunyar.

Aka yi salla, Inna ta ci tuwon gidan Yaya. Aka fara kofi a filin wata makaranta a wajen ganuwa. Wasa huɗu muka yi ba a zura mini ko ɗaya ba, kuma ko sau ɗaya ban yi jifa ba, da ƙafa nake bugawa. 'Yan kallo suna ihu, "Nawa ne yau, Garba?" Ina ji. Ban waiga ba.

Ranar wasan ƙarshe an yi ruwa da safe, fili ya yi taɓo. An kafa rumfa daf da layi wajen tsakiyar fili, an jera kujeru. Alhaji Tanko ya zo cikin farar shadda da doguwar hula, ya zauna a tsakiya, kofi a kan tebur gabansa. Da muka jeru yana gaisawa da 'yan wasa, ya iso kaina ya yi murmushi, ya ce a hankali, "A'a, Garba, ashe ana nan? To, a riƙe amana dai." Ya wuce.

Mun ci abokan karawarmu ɗaya kafin hutun rabin lokaci. Na tsare ragar nan kamar raina ne a ciki, don ina son kowa ya ga ko ni wane ne kafin in yi abin da ya kawo ni. Saura kaɗan a tashi suka samu bugun kwana, aka bugo, na tashi na cafke ta a sama. Ƙwallon ta sha ruwa da taɓo, ta yi nauyi. 'Yan wasanmu suka bazu suna ɗaga hannu. Na taka har bakin layina ta ɓangaren rumfa. Alhaji ya karkata yana yi wa na kusa da shi magana, yana dariya.

Na kira sunansa. Ban ce Alhaji ba. Na ce, "Tanko!"

Ya juyo. Na sake ta.

Na ji ƙarar kafaɗata kafin in ji ihun mutane. Ƙwallon ta tafi a miƙe, ba ta yi lilo ba, ta same shi a tsakiyar fuska. Hular ta yi sama, kujerar ta kife da shi ta baya, ya faɗa cikin taɓo ƙafafu a sama, tebur da kofi suka bi shi. Da aka ɗago shi farar shaddar nan ta koma ja da baƙi, hanci yana zubar da jini, yana lalube kamar makaho.

Filin ya yi tsit. Hannuna yana reto, ba na jin yatsuna. Na ɗaga murya yadda kowa zai ji, na ce, "Ka faɗa musu wa ya sa aka yi mini allura! Wancan ka ce na sayar. Wannan kyauta na ba ka!"

Wani daga can baya ya fashe da dariya, sai ta bazu. Ita wannan dariyar har yau ina jin daɗinta, Allah ya yafe mini.

Magoya bayansa suka yi kaina, na sha duka kafin 'yan sanda su ƙwace ni. Kwana uku na yi a kulle. Yaya ya aika wa Alhaji cewa in an je kotu zai kawo mutumin da ya yi allurar ya dafa Alƙur'ani. Sabon ɗan majalisa ana shirin rantsar da shi, ba ya son wannan. Sai aka ce wai ya yafe mini don girman Allah. Amma bai janye ƙazafin ba, ko da kalma ɗaya. Masu kula da ƙwallo suka haramta mini wasa har abada, abin da bai dame ni ba, don hannun ko cokali ba ya ɗauka.

Da na dawo gida Inna tana zaune a ƙofar sabon ɗakinta. Ta ce in matso. Ta zame mini riga, ta ga kafaɗar ta kumbura ta yi baƙi, ƙashin ya turo fata. Ta daɗe tana kallo.

Ta ce, "Tun yaushe take haka?"

Na ce, "Tun kafin wancan wasan, Inna. Na faɗa miki."

Ta aika Rabi ta kawo man shanu, ta shiga shafa mini da hannunta, a hankali, hannun duk ƙashi. Hawayenta yana ɗiga a bayana. Can ta ce, "Amma ka jefi babba a gaban jama'a, Garba. Ban haife ka don haka ba."

Iyakar abin da ta ce ke nan. Ba ta ce ta yarda da ni ba, ba ta ce ba ta yarda ba. Na so in gwada ta da geron nan, sai na tarar danshi ya shige shi, ya yi funfuna ya dunƙule, ko kaji sai da suka yi ta tona kafin su ci. Bayan nan kuma ba ni da abin kawowa. Wata shida ina zaune, Yaya ne ke ciyar da gida biyu. Da hannun ya ɗan saki na fara bin Yaya marina, ina koyon tsoma zane da hagu. Inna kuwa tun ramar azumin nan ba ta ƙara murmurewa ba, tari ya kama ta, ta kwanta. Ranar da na fara samun abin gumina a marina, cikin bazara, na sayi fura da nono mai kyau na kawo mata da gudu. Na tarar ta riga ta daina karɓar komai sai ruwa a cokali. Ta dubi ƙwaryar, ta dube ni, ta motsa baki. Ban ji abin da ta ce ba. Kwana biyu bayan nan muka kai ta.

Alhaji Tanko ya yi shekara huɗu a majalisa, soja suka dawo, ya koma kasuwarsa. Ya rayu shekara ashirin da wani abu bayan nan da karkataccen hanci. Muna haɗuwa a ɗaurin aure da jana'iza, ya kau da kai, ni kuwa in zuba masa ido har sai ya tashi ya canza wuri.

Ranar da Alhaji ya rasu, Yaya Sani, lokacin ya tsufa yana dogara sanda, ya zo ya ce in raka shi. Na yi alwala na bi shi. Jama'a ta cika ƙofar gidan har titi. Na kutsa na tsaya a sahun farko, makarar tana gabana. Kafin a tayar da salla babban ɗansa ya miƙe, ya ce mahaifinsu ya yi hulɗa da mutane da yawa, duk wanda ya saɓa wa, don Allah don Annabi ya yafe masa. Sahu ya amsa gaba ɗaya, "Mun yafe, Allah ya yafe mana."

Ni ban buɗe baki ba. Yaya ya zungure ni da gwiwar hannu, ya raɗa mini, "Garba, ka ce wani abu mana. Gawa ce a gabanka."

Na ce, "Yaya, nawa haƙƙin na karɓe shi tun a fili. Sauran na Inna ne. Ga shi nan zai je ya same ta, sai ya roƙe ta da kansa."

Liman ya ɗaga hannu ya yi kabbara, muka bi shi.